Inda Saƙon Riɗi Ya Kwana

Ranar Litinin, takwas saura kwata, Solfrid ta buɗe kwamfutar ofis ta tarar jakar saƙonnin ba ta nan. Ina tsaye a bayanta, ko hular sanyi ban cire ba.

"A nan take zama," ta ce, yatsanta a kan gilashin. "Jakar abincin yara, ƙarƙashinta ta aikin gayya. Shekara shida ba ta taɓa motsawa ba."

"Duba kwandon shara."

Ta duba. Babu ko saƙo ɗaya a ciki.

Solfrid ce shugabar gidan renon yaran ƙauyenmu. Gidan namu ne mu iyaye, gida goma sha tara. Mu ke yin fenti, mu ke kwashe ƙanƙara, mu ke ɗaukar ma'aikata, mu ke sallamarsu. Ranar Juma'ar da ta wuce 'yata Tuva, mai shekara huɗu, ta ci busasshen burodin da aka gasa a kicin ɗin gidan. Kafin ta gama na biyu leɓɓanta sun kumbura, numfashinta ya koma fito. Solfrid ta caka mata allurar gaggawa, wadda ake ajiye mata saboda jikinta ba ya ɗaukar ƙwai. Motar asibiti ta yi minti hamsin kafin ta iso. Kwana biyu muka yi a can, muka dawo da ita da rai.

Riɗi ne a cikin burodin. Kuma tun ranar sha shida ga Janairu na aika wa gidan renon imel, da takardar likita a haɗe, cewa an gano jikin Tuva ba ya ɗaukar riɗi.

Yadda muke yi shi ne, Halvard, shugaban kwamitin iyaye, yana shiga ofis duk Talata ya rarraba saƙonni cikin jakunkuna. Rasa, mai dafa abinci, tana buɗe jakarta duk Litinin, ta buga abin da ta samu ta manna a ƙofar firiji. A kwamfutar ofis kawai ake buɗe akwatin imel ɗin, don ba mu yarda bayanan yara su shiga wayar kowa ba. Halvard ya ce ya saka saƙona a jakar. Ni ma ya gaya mini haka tun a Janairu, a shago, muna layi. Rasa ta ce ba ta taɓa ganinsa ba. Jakar ce kaɗai za ta raba gardama, kuma wani ya share ta.

* * *

A ɗakin cire takalma iyaye sun cika, kowa na jan ɗansa daga cikin rigar sanyi, kowa na magana ƙasa-ƙasa.

"Ni dai ba na son in ce komai," in ji wata uwa, "amma wa ya rage a gidan ranar Juma'a bayan motar asibiti ta tafi?"

"Kuma bara ta zo, ba mu san inda ta yi aiki a can ƙasarsu ba."

Rasa 'yar Lituwaniya ce. Da safen nan Halvard ya ce mata ta koma gida ta huta, za a yi taron iyaye ranar Alhamis da ƙarfe shida. Kowa ya san abin da hutawar ke nufi.

Ba zan ɓoye ba, a ranar ni ma so nake a kore ta. Na ga fuskar 'yata a gadon asibiti, ina neman wanda zan ɗora wa. Amma a hanyar gida wani abu ya tsaya mini a rai. Idan aka kori Rasa alhali ba ita ba ce, ramin da saƙona ya faɗa yana nan a buɗe, kuma zan mayar da Tuva gidan ina tsammanin an toshe shi. Mijina Vegard yana aiki a teku, saura masa kwana tara. Sai na juya mota zuwa gidan mahaifiyarsa, inda na bar yarinyar.

* * *

Aslaug, surukata, shekararta sittin da takwas. Idan mota ta buge ƙatuwar barewar dajinmu ta gudu da rauni, ita ake kira. Takan saka takalman tafiya kan ƙanƙara ta bi jini da sawu, wani lokaci yini guda, har ta samu dabbar. Shekara arba'in tana wannan. Wayarta irin ta madannai ce, imel kuma ba ta taɓa aikawa ba.

Ta saurare ni tana yanka wa Tuva tuffa.

"To me kike nema yanzu, Ingunn?"

"Wanda ya share jakar."

"Kin fara daga wutsiya. Idan aka kira ni, ba na tambayar inda aka ga barewar a ƙarshe, kowa yana da nasa labarin. Inda aka buge ta nake zuwa. Daga nan in bi a hankali in ga inda ta kwanta. Dabba mai rauni dole ta kwanta wani wuri." Ta miƙa wa Tuva faranti. "Wannan saƙon naki, yana kwana?"

"Yana kwana a kwamfutar ofis da kuma wajen kamfanin da ke riƙe mana akwatin. Amma su biyun suna bin juna. In ka share a nan, can ma ya tafi."

"Wane irin wauta ne wannan? Rumbu biyu, wuta ɗaya."

"Shi ya sa ake ajiye kwafi daban. A asibitin haƙori da nake aiki duk Juma'a nake kwashewa."

"Nan fa?"

Ban taɓa tambaya ba.

Ta leƙa taga. "Gobe za a zuba ƙanƙara. Tashi mu je yau."

* * *

Mun bar Tuva wajen maƙwabciya. A gidan renon, Aslaug ko kallon ƙofar gaba ba ta yi ba, ta ce yara talatin da iyayensu sun riga sun tattake komai. Ta zagaya baya, wajen ƙofar kicin, wadda ba a hango ta daga titi. Ta tsaya nesa kaɗan, ta tare ni da hannu.

"Kada ki taka. Me kika gani?"

"Matakala uku. An share su."

"Yaushe ƙanƙara ta tsaya?"

"Asabar da rana, ina kallo daga tagar asibiti."

"To bayan nan aka share. Ga sawun Rasa na safiyar yau, shiga da fita, a kan abin da aka riga aka share. Ɗauki hoto. Ɗauki gefen nan, da inda aka tara, da yadda aka rataye shebur."

Na ɗauka, ban ga abin ɗauka ba. Hanya ce mai faɗi daga matakala har shinge, gefenta a miƙe, an yayyafa yashi. Na ce a raina ko ma waye ya kyauta.

A ofis Solfrid ta ba mu kofi. Idonta ya faɗa.

"Ni ce ke zubar da kwandon shara na akwatin duk Juma'a," ta ce tun kafin a tambaye ta. "Na san za a gaya muku. Amma wannan Juma'ar ina cikin motar asibiti, hannun Tuva a hannuna."

"Na sani," na ce.

"Makulli nawa ne?" in ji Aslaug.

"Huɗu. Ni, Rasa, Halvard, da wanda ke da satin kwashe ƙanƙara. Wannan satin Eilif ne. Shi ne ma ya haɗa mana kwamfutar."

Aslaug ba ta kallon kwamfutar. Ta sunkuya tana duba ƙasan kanta, kamar mai neman jini a ciyawa. Ta ɗago wata baƙar waya da ke reto daga soket, bakinta ba a jone da komai ba.

"Wannan igiyar, ina dabbarta?"

"Cajar tsohuwar laftof ce," in ji Solfrid. "Tana nan wani wuri. Ba mai amfani da ita."

* * *

Eilif yana garejinsa, rabin jikinsa a cikin injin babur ɗin ƙanƙara.

"An ce an ga motarka a gidan renon ranar Asabar," na ce.

"An gan ta. Da safe, ana zuba ƙanƙara. Safar hannun ɗana na je ɗauka, ta ƙofar gaba, gaban idon duk masu shago. Ɓarawo ne zai yi fakin a nan?"

"Akwai kwafin akwatin saƙonni?"

Ya goge hannu da tsumma, ya daɗe yana gogewa. "Na ce zan saita."

"Yaushe ka ce?"

"Bara waccan. Ingunn, kin san yadda abubuwa suke."

"Na san yadda leɓɓan 'yata suka yi."

Ya sunkuyar da kai. Aslaug ta taɓa tayar wata amalanke da ƙafa.

"Kai ka share ƙofar kicin?"

"Ni? Ta gaba ma sai Lahadi da yamma, da ƙyar."

"Na ga ta gaban," ta ce. "Kamar kaza ce ta yi tono. Na yarda ba kai ba ne."

* * *

Rasa tana zaune a ɗaki ɗaya a saman tsohon gidan waya. Ta buɗe ƙofa, ta gan ni, ta ja da baya kamar zan mare ta.

"Yaya Tuva take?"

"Tana cin tuffa tana yi wa kakarta gardama."

Ta zauna a bakin gado ta rufe fuska. Da ta ɗago sai ta ce, "Ni na zuba riɗin. Da hannuna. Wannan ba na musu. Amma takardar ba ta zo ba. Duk Litinin nake dubawa. Da na gani, da ko ƙwaya ɗaya ba ta shiga kicin ɗina ba."

"Ranar Juma'a kin shiga ofis?" na tambaya.

"Ban iya ba. Na zauna a kicin har aka kwashe yara, na kulle na tafi. Yau da safe na zo in duba, Halvard ya tare ni a ƙofa."

"Matakalarki fa, wa ya share?" in ji Aslaug.

"Na ɗauka wani ne ya tausaya mini. Ni faɗin shebur ɗaya nake yi, iya inda zan wuce."

"Laftof ɗin ofis," na ce. "Yaushe rabonki da ganinta?"

Ta yi tunani. "Ranar rana."

Mu da ke can ƙarshen arewacin duniya, rana tana dawo mana ne ashirin da bakwai ga Janairu, bayan wata biyu ba mu gan ta ba, kuma daga kan tudu ake fara hango ta. Duk shekara yara kan hau bukkar da ke can su tarye ta da burodi mai sukari da waƙa.

"Ni na ɗauke ta don a sa waƙa," in ji Rasa. "Da safe na kunna ta a ofis, har na ga saƙonni suna shigowa. A can sanyi ya kashe batirin tun kafin amshi na biyu. Na saka ta cikin bencin da ake ajiye barguna. Da za mu sauko yara biyu suna kuka, na manta."

A bukkar babu intanet. Tun ranar ashirin da bakwai, laftof ɗin ba ta ji labarin abin da aka yi wa akwatin ba.

Aslaug ta dube ni. "Ta kwanta?"

"Ta kwanta."

* * *

Kafin mu koma gida ta ce mu biya ta wajen Halvard, don kada a ce an tambayi kowa an bar shi. Halvard mai auna filaye ne, 'yan biyunsa suna aji ɗaya da Tuva. Shi ne mutumin da kan kawo jadawalin aikin gayya a buge, da launi uku. Ya tarye mu a bakin ƙofa, ya riƙe hannuna da nasa biyu.

"Ban yi barci ba tun Juma'a, Ingunn."

"Yaushe rabonka da ofis?"

"Talatar da ta wuce, kamar kullum. Sai yau da safe."

"Kuma ka tabbata ka saka saƙona a jakar Rasa?"

"Na gaya miki a shago. Ni ba na barin saƙo a tsakar akwati, kin sani."

Aslaug ba ta ce masa komai ba sai, "Gaida Gudrun." Mahaifiyarsa ke nan, tare suka yi makaranta. Tana tsaye da hannu a aljihu tana kallon tsakar gidan. A mota na tambaye ta me ta gani.

"Gida mai tsabta," ta ce.

* * *

Talata aka zuba ƙanƙara yini guda, kamar yadda ta faɗa. Laraba da safe muka hau tudun, ita a gaba tana fasa hanya, ni a baya ina haki. Awa ɗaya da rabi. Da na tsaya in huta sai ta ce, ba ta ko waiwayo ba, "Ku 'yan ofis, in aka ce a bi ku da rauni, minti goma an gama."

Laftof ɗin tana cikin bencin, ƙarƙashin barguna biyu, sanyi kamar dutse. Na kai hannu zan buɗe, sai na fasa. Na naɗe ta cikin rigata na saka a jakar baya.

A gida na bar ta a kan tebur har yamma, ta huce a hankali, don kada gumi ya taru a cikinta. Na cire wayar intanet ɗin gidana, duk da laftof ɗin ba ta san shi ba. Na aro caja. Kalmar sirri tana manne a ƙasanta da salatif, da rubutun Eilif.

Jakar abincin yara ta fito, cikakkiya, saƙo ɗari biyu da goma sha ɗaya. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Nawa ba ya ciki. Kwana goma sha ɗaya bayan na aika, ba ya ciki.

Na rubuta sunana a wurin bincike. Ya fito nan take, da takardar likitan a haɗe, an buɗe shi an karanta. Yana cikin jakar aikin gayya, tsakanin saƙon aron tsani da na wanda zai kawo kofi ranar kwashe ƙanƙarar rufi.

Kafin in yi kuka, na kwashe komai a filash biyu. Ɗaya na saka a aljihuna, ɗaya na ba Aslaug. Ta jujjuya shi a tafin hannu.

"A cikin wannan ɗan abin?"

"Duka."

Ta saka shi a gwangwanin harsashi.

* * *

Ranar Alhamis na isa gidan renon shida saura ashirin, na bar laftof ɗin a mota. Ta san intanet ɗin gidan. Da zarar ta ji shi za ta gaisa da kamfanin, a gaya mata an share jakar, ita ma ta share tata. Na shiga ofis na zare wayar wutar akwatin intanet, na ba Aslaug. Ta naɗe ta a hannu ta jefa aljihun rigarta.

Iyaye sun zauna a kan ƙananan kujerun yara, gwiwoyi a ƙirji, kowa da safa. Rasa tana can gefe, kusa da ƙofa, da rigar sanyinta a jiki. Halvard ya tashi da takardarsa.

"Abin baƙin ciki ne," ya ce, "amma tunda jakar ta ɓata, ba za mu taɓa sanin gaskiya ba. Abin da ya rage shi ne ko iyaye sun amince da mai dafa wa 'ya'yansu abinci."

"Jakar tana nan," na ce.

Na ajiye laftof ɗin a teburin fenti na buɗe. Na gaya musu inda ta yi wata guda da rabi. Na nuna jakar abinci, na nuna kwanan wata, na bar su suka zo suka duba da idonsu. Sannan na buɗe ta aikin gayya.

Wani ya karanta kan saƙon a hankali.

"Wannan tsohon hoto ne," in ji Halvard. "Na Janairu. Mai yiwuwa na gyara daga baya. Bari a jona ta da intanet mu ga yadda abin yake yanzu. Eilif, me ya sa babu intanet?"

"Kada wanda ya jona ta," in ji Eilif, muryarsa ta fi ta kullum ƙarfi. "In aka jona, ta tafi."

"Wayar intanet ɗin tana aljihuna, ɗan Gudrun," in ji Aslaug. "In kana so, zo ka ɗauka."

An ɗan yi dariya, ta mutu da wuri.

"A shago ka ce mini ka saka," na ce masa. "Ranar ashirin da biyu. Ga shi ranar ashirin da bakwai yana cikin aikin gayya. Kuma kowa a nan ya san abin da kake yi wa wannan jakar idan an gama gayya."

"Sharewa," in ji Solfrid a hankali. "Yana share ta tas. Na sha yaba masa."

"Kuskure ne na hannu, in ma haka ne," in ji Halvard. "Jakunkunan suna kusa da juna. Amma ni ban share jakar abinci ba. Na gaya muku daga Talata zuwa Litinin ban taka gidan nan ba."

Aslaug ta miƙe, gwiwoyinta suna ƙara. Ta karɓi wayata ta ɗaga hoton matakalar kicin, ta zagaya da shi kujera-kujera.

"Wani ya zo bayan ƙanƙara ta tsaya ranar Asabar," ta ce. "Ya bi ta baya don kada a gan shi daga shago. Da zai fita ya ga sawunsa, ya ɗauki shebur ya share. Da ya tsaya a nan, da ban san komai ba. Amma bai iya ba. Ya miƙe gefen kamar da igiya aka ja. Ya yanke kusurwa huɗu. Ya tara ƙanƙarar gefe ɗaya ya daddale kanta. Ya yayyafa yashi don kada Rasa ta zame. Ya kakkaɓe sheburin ya rataye shi baki sama." Ta mayar mini da wayar. "Ba zan kira suna ba. Duk kun wuce ta gaban gidan da ake share ƙanƙara haka."

Ba wanda ya juya ya kalli Halvard. Kowa ya kalli safarsa, kuma hakan ya fi kallon muni.

Halvard ya ninke takardarsa biyu, ya sake ninkewa, ya daidaita bakinta da farce.

"Na je ne in gani da idona cewa yana ciki," ya ce. "Na tabbata yana ciki. Na duba sau uku. Sai na tuna ranar, ina sauri, ana ta saƙon tsani. Na nemi shi a ɗaya jakar, na riga na share ta tun Fabrairu." Ya dubi ƙofar ofis. "Na zauna a ofishin nan ina kallon jakar da babu shi. Na ce in babu jakar, babu wanda zai san babu shi. Ban yi tunanin Rasa ba."

"Ranar Litinin ka yi tunanina," in ji Rasa daga bakin ƙofa. "Ka ce in je in huta."



Na ɗauka zan yi masa ihu. Da na buɗe baki sai na ji kaina ina cewa, "Kuskuren Janairu zan iya yafe maka, Halvard, don ni ma ina da rabona. Na ji 'an saka' a layin shago na kwanta a kai, ban taka zuwa kicin na duba firiji ba. Amma na Asabar, da ya yi nasara, da na mayar da Tuva nan ina tsammanin an gyara."

Ya ajiye makullinsa a teburin fenti. Matarsa ta ɗauko musu riguna.

Kafin a tashi na faɗi abin da nake so, aka ɗaga hannu. Duk Juma'a a kwashe akwatin gaba ɗaya a filash, ɗaya a ofis, ɗaya a wani gida daban. Ba a share jaka sai mutum biyu sun gani. Saƙon lafiyar yaro kuma bai isa ba sai Rasa ta amsa shi da sunanta. Eilif ya ce zai saita.

"Yaushe?" in ji Aslaug.

"Gobe."

"Yanzu," ta ce, ta miƙa masa wayar intanet ɗin.

* * *

Ranar Litinin na kai Tuva da kaina, ta ƙofar kicin. An zuba ƙanƙara ranar Lahadi, amma mun tarar an share matakalar, hanya mai faɗi, kusurwa huɗu, da yashi. Ba satin Halvard ba ne, kuma ba shi da makulli. Da sheburinsa ya zo.

Rasa tana tsaye a ƙofa tana kallon aikin. Sawunta yana gefe, cikin ƙanƙara mai zurfi har gwiwa, inda ta zagaye ta hau.

"Takalmanki sun jiƙe," na ce.

"Za su bushe."

Tuva ta miƙa mata takardar likita, wadda na buga a gida. Rasa ta durƙusa ta karanta ta daga sama har ƙasa, duk da ta san abin da ke ciki. Ta manna ta a tsakiyar ƙofar firiji. Sannan ta ɗauko biro ta rubuta sunanta da kwanan wata a ƙasa, ta miƙa mini in rubuta nawa.

"Kaka ta ce in tambaya me ke cikin burodin yau," in ji Tuva.

"Gari, ruwa, gishiri," in ji Rasa. "Zo ki ga buhun da idonki."

Na tsaya har suka gama duba buhun. Sannan na tafi aiki, filash ɗin yana aljihuna.